Kyanwar da Ba Ta Ƙiba

Ana gab da kiran magariba na fito daga gida ina janye da kekena, da buhu ɗaure a baya. A cikin buhun akwai kyanwar tsohuwata. Ba mugunta ce ta sa ni ba. Haƙurina ne ya ƙare, kuma duk wanda ya san ni, ni Hambali, ya san tun asali ba a ba ni shi da yawa ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure. A shekarun nan ne aka sako ruwan Tiga, aka haƙa babbar hanyar ruwa da muke kira kanal, muka fara noman alkama da tumatir da rani. Akwai wata tsohuwar tsamiya a bayan gari, katafila ta tuge ta. A gurbinta aka yi gada da kwalbati. Daga kwalbatin nan ne wata 'yar ƙaramar hanyar ruwa take ɓallewa, ta bi ta gindin katangar gidanmu, ta wuce gonaki. Ranar da ruwa ya fara bi ta nan, ranar kyanwar ta shigo mana a jiƙe sharkaf, toka-toka, kunne ɗaya a tsage. Iya ta goge ta da gefen zane, ta raɗa mata suna Baiwar Allah.

Ana cewa kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. To tamu ko hanyar gidan Lami ba ta taɓa bi ba.

Ni mutum ne mai son kiwo. Wani taba ce jarabarsa, wani dara, ni kuwa tsuntsu. Ina da ɗakin tattabaru da na gina da hannuna, da kanari a keji, matata Sa'a kuma tana da zomaye biyu. Baiwar Allah ta fara da tattabaru. Ɗaya yau, ɗaya bayan 'yan kwanaki. Na toshe kafofi da laka, ta shiga ta sama. Na rufe sama da waya, ta jira su a bakin kaskon ruwa. Na rataye kejin kanari a tsakiyar rumfa inda ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya je, da safe na tarar da keji yana lilo, ƙofa a buɗe. Zomaye kuwa, na farko ya tafi, na biyu ya yi kwana biyu yana zaman makoki, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ɓera ko kallonsa ba ta yi. Da idona na ga ɓera ya tsallake wutsiyarta ya shiga rumbu, tana kwance tana hamma.

Maƙwabcina Baballe ya mai da abin sana'a. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar zaure, ya tattara fuska, ya ɗaga hannuwa.

"Salamu alaikum. Ya haƙuri? Yau wa muka rasa?"

Shi ya naɗa mata sarautar Sarkin Fawa, sunan ya bi gari. Har a masallaci sai wani ya matso ya ce, "Hambali, ya mai girma Sarkin Fawa, ya kwana lafiya?" Ina dariya da su, amma ta yaƙe ce.

Sai maganar aku. Wani direba da ya dawo daga Kurmi ya sayar mini da shi, mai jar wutsiya. Na ce wannan kam yana da baki kamar ƙugiya, ta taɓa ta gani. Sa'a ta zauna ta koya masa gaisuwa, duk wanda ya shigo gida sai ya ce, "Maraba da baƙo!" Wata ranar da yamma ina alwala na ji shi daga rumfa.

"Maraba da baƙo! Maraba da ba..."

Shiru.

Da Baballe ya ji labari, dariya ya yi har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Ya ce, "Kai dai ka gode Allah, ya mutu da ladabinsa." Ni ma sai da na dara, ina share ƙwalla, don ban san wanne zan yi ba.

Na sami Iya a ɗakinta, kyanwar tana kwance a kan ƙafarta. Na ce, "Iya, wannan abar ta gama da ni. Ki ba ni izini in raba ta da gidan nan."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai dai zo ka shafa ta."

Na shafa don kada in yi mata musu. Haƙarƙari ne zalla a ƙarƙashin fata.

"Duk naman nan da ka ce ta cinye, a ina ya zauna? Ka taɓa tsintar ƙashi ko ɗaya?"

"Tsutsar ciki ce da ita, Iya."

"To." Ta ja carbinta. "Mu dai da muka taso, ba don ado ake kiwon tattabara ba. Abin da ya nufo masu gida, a kanta yake sauka. Ka ƙyale Baiwar Allah da aikinta."

Na fito ina ƙunƙuni. Aiki! An ba kura ajiyar nama, ana ce mini aiki take yi. Gaskiya ne ban taɓa ganin ƙashi ba, sai dai 'yan gashin tsuntsu a bin katanga, ta wajen ƙofar baya. Amma mai fushi ba ya lissafin irin wannan.

Tattabara ɗaya ta rage, fara sol, ta 'yata Hawwa. Yarinyar ba ta isa fara zuwa makaranta ba a lokacin. Ta sa wa tattabarar suna Amarya, ta ɗaura mata 'yar ƙararrawa a ƙafa, tana yawo da ita a ƙirji kamar 'yar tsana. A tafin hannunta take ba ta gero. Bayan tafiyar aku ta zo ta riƙe mini gefen riga.

"Baba, ita ma za ta cinye Amarya?"

"Ba za ta ci ba."

"Ka rantse."

Na ce, "In dai ina numfashi, ba abin da zai taɓa ta." Ta sake ni, ta tafi tana tsalle, ƙararrawa tana kaɗawa.

Kashe kyanwa ba abin da ake yi ba ne, kowa ya san nauyin alhakinta. Baballe ne ya tuna mini da dabarar mutanen da. A sa ta a buhu, a tsallake ruwa mai gudu da ita, a sake ta can nesa. Ruwa yana yanke mata sawu, ba ta gane hanyar gida. Da can sai an jira damina rafi ya kawo. Yanzu ga ruwa mai gudu gwamnati ta kawo mana har bayan gari. Na ce wannan aikin ruwa ashe yana da wani amfanin ban da alkama.

Shi ne na jira ranar, Iya ta zaga bayan ɗaki da buta, na damƙi kyanwar na tura a buhun taki.

Ranar ban ruwanmu ce. Tun azahar aka buɗe mana ƙofa, 'yar hanyar ruwan da ke bayan gida ta cika tana gudu. Na bi gefenta da keke a hannu, don gaɓar ta yi santsi. Gadar ba nisa, daga kanta ana hango rufin gidanmu. Iska tana kawo ƙanshin ganyen tumatir da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kwaɗi sun fara. Can gefen kanal wani Bafulatani yana kora shanunsa gida, ya ɗaga mini sanda, na ɗaga masa hannu.

Kyanwar ba ta yi motsi ba tun daga gida. Da na fara hawa gada sai ta haukace. Buhu ya riƙa tsalle, farata suna ɓullowa ta jikinsa. Na kai masa duka da tafin hannu.

"Yi duk abin da za ki yi. Yau sarauta ta ƙare."

Ladan ya ɗaga murya daga cikin gari. Na san ba lokacin tsayawa a bakin ruwa ba ne, amma na ce bari in tsallaka tukuna, na yi salla a gaba.

Na hau keke, ina tsakiyar gada sarƙarsa ta zame. Na yi tsaki, na jingine shi da ƙarfen gada, na durƙusa.

A nan na lura kwaɗi sun yi shiru. Duka, lokaci ɗaya.

Wani wari ya taso daga ƙasa. Warin ɗakin tattabaru ne da ya sha ruwa, da wani tsami a bayansa, irin na tsamiyar da aka jiƙa aka manta.

Sai na ji kukan tattabara.

Daga cikin kwalbati yake fitowa, a ƙarƙashin ƙafafuna. Na ce a raina sheƙa suka yi a ciki. Amma kwalbatin a cike yake da ruwa har baki. Wata ta amsa, wata ta ƙara. Na san kukan nan. Akwai wani baƙin namiji da nake da shi mai shaƙaƙƙiyar murya, shi ne na farko da kyanwar ta ɗauke. Ga shi nan yana kuka.

Kanari ya rera. Waƙarsa ce, har inda yake karya ta a ƙarshe.

Hannuna yana kan sarƙa, na kasa ɗagawa.

"Maraba da baƙo."

Muryar aku. Tar, kamar yana kan kafaɗata.

Na fara a'uziyya. Na kama Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya na koma farko. Buhu ya daina tsalle. Gurnani kawai yake fitowa daga ciki, ƙasa-ƙasa.

Muryar akun ta sake magana, a hankali, da kalmomin da Sa'a ba ta taɓa koya masa ba.

"Ina 'yar aikena?"

Na dubi buhun da ke bayan keke.

"Yau ruwa ya zo. Ina nawa?"

Sai abubuwa suka riƙa faɗo mini ɗaya bayan ɗaya. Gashin tsuntsu a hanyar ƙofar baya. Haƙarƙarin da Iya ta sa na shafa. Ranar kanari, na tuna da laka a ƙafata na dawo. Ranar aku ma daga ban ruwa na dawo nake alwala. Duk ranar da aka sako mana ruwa, ranar ake rashi a gidana. Ba ci take yi ba. Kawowa take yi.

Ruwa ya yi wani irin juyi a bakin kwalbati.

"Ba... ba."

Wannan muryar dabam ce. Sauran duk sun fito daidai, ba tangarɗa. Wannan kuwa a karkace take, kamar mai magana da ruwa a baki. Abin da ke cikin ruwan ya sake gwadawa.

"Baba."

Muryar Hawwa yake koyo.

Waɗanda ya riga ya karɓa, muryarsu ta zama tasa. Wannan bai same ta ba tukuna.

Na leƙa. A bakin 'yar hanyar ruwanmu, ruwan ya kumbura, ya yi tozo baƙi wuluk, faɗinsa ya cika hanyar daga gaɓa zuwa gaɓa. Ban ga kai ba, ban ga ido ba. Ya fara tafiya. Ba ya sauri. Ciyayin gefe suna kwantawa in ya wuce, kukan tattabaru yana bin sa.

Gidana ya nufa. Ruwan da na ce zai raba kyanwa da gida, shi ne hanyarsa har gindin katangata.

Na kai hannu ga bakin buhu. Ni na ƙulle shi, ƙulli a kan ƙulli, don tsabar haushi. Man sarƙa ya sa yatsuna suna zamewa. Na sa haƙori. Igiya ta yanke mini leɓe, na ji gishirin jini.

"Baiwar Allah," na ce, ban san lokacin da na kira ta da sunan ba. "Don Allah."

Ƙulli ya saki.

Ta fito kamar an harba ta. Ko kallona ba ta yi ba. Ta dira daga gada, ta bi gaɓar ruwa, ta wuce tozon nan ta gefensa.

Na bar keke, na bar takalma. Na faɗi, na tashi. Laka tana riƙe ni. Abin yana gabana kaɗan, na kasa cim masa, na kuma kasa yin ihu. Numfashi kawai nake ja.

Na hango ƙofar baya a buɗe.

Na hango ɗan farin abu a bakin ruwa.

Hawwa ce a tsugune, Amarya a ƙirjinta, ta miƙa wuya tana saurare. Ta gan ni, ta washe baki.

"Baba! Aku ya dawo! Ji shi!"

"Maraba da baƙo," in ji ruwan.

Ta zura ƙafa ɗaya.

"Hawwa!"

Tozon ya iso, ya tsaya a gabanta. Ya fara tashi.

Sai wani abu toka-toka ya diro daga kan katanga, ya faɗa a ƙirjin yarinyar. Hawwa ta faɗi ta baya, ta ƙwala ƙara. Fukafukai suka yi fal-fal. Na ga kyanwar da farar tattabara a baki, ta taka har bakin ruwa, ta sunkuyar da kai, ta ajiye.

Ruwa ya rufe.

Na suri Hawwa ta hannu ɗaya, na manna ta da jikina, na ja da baya har na bugi katanga. Ƙafarta da ta taɓa ruwan sanyi ƙalau, kamar randar da ta kwana a waje.

Tozon ya lafa. Ya juya, ya koma ta inda ya fito, yana hawan ruwan da ke gangarowa.

Can ƙasa-ƙasa, 'yar ƙararrawa tana kaɗawa, tana nisa.

Kwaɗi suka ci gaba.

Da na shigo da ita gida, Sa'a ta saki ludayi tana salati. Iya tana kan dardumarta, ta dube ni, ta dubi lakar jikina da jinin leɓena. Ba ta tambaye ni inda na je ba. Kyanwar ta shigo a bayanmu, ta hau ƙafarta ta kwanta, Iya ta ɗauki gefen zane ta fara goge ta.

Hawwa kuwa ta buɗe mini wuta. Tana kuka tana dukan ƙirjina da hannu biyu, ga sawun farata a wuyanta.

"Ka rantse! Ka ce in kana numfashi! Ga shi kana numfashi! Kana kallo ta ɗauke ta! Ba na son ka, Baba, ba na son ka!"

Sa'a ta zo za ta ɗauke ta, na ce ta bar ta. Na zauna a ƙasa da ita a cinyata, tana ta zazzaga mini har muryarta ta dushe. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Muryar tata ce, ba karkata, kuma daga bakinta take fitowa.

Washegari na toshe ƙofar baya da tubali. Na je wurin malam, ya yi rubutu aka sha, ya ba da abin binnewa aka binne. Ban ce bai yi amfani ba, Allah ne mai tsarewa. Amma ranar kasuwar Bunkure na ɗauko kekena daga gada, na je na dawo da kwando cike da tattabaru. Na cire wayar da na rufe saman ɗakinsu da ita.

Yanzu duk yankinmu ba wanda ya kai ni tattabaru. Ba na yanka, ba na sayarwa, ba na kuma sa musu suna. Ni ba na kai wa kowa komai. Kiwo nake yi, abin da kyanwa ta yi kuma tsakaninta da Mahaliccinta. Baballe yana gaya wa mutane wai na zama ɗan kwangilar Sarkin Fawa, ya ce bai taɓa ganin wanda ya kai ƙarar ɓarawo ya dawo yana masa cefane ba. Ina ƙyale shi. Da kyanwar ta haihu, ni da kaina nake tare Bafulatana a ƙofar gida in sayi madara saboda 'ya'yan, ban kuma yarda an kyautar da ko ɗaya ba.

Haushin dai bai bar ni ba. Har yau in na ga gashi a bin katanga sai na yi tsaki, in zage ta a raina, in ƙara wa sauran gero.

Hawwa ta girma da maganarta ɗaya, cewa Baba ba ya cika alkawari. Ban taɓa yi mata musu ba.

In ranar ban ruwa ce kuma dole ta sa na bi ta kan gadar nan da yamma, ba na tsayawa. Ana dai gaishe ni daga ƙasa, da ladabi, kamar yadda Sa'a ta koyar. Tattabaru suna amsawa, sun yi yawa yanzu, da 'yar ƙararrawa a cikinsu. Ni ba su nake saurare ba. Kunnena yana wurin murya ɗaya, wadda har yanzu abin nan yake gwadawa a ƙarshe.

Har yanzu a karkace take fitowa. Sai in yi hamdala, in taka keke.